Lambar Yabo Ba Ta Auno Gero A Kasuwar Litinin

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a jami'o'in ƙasar nan, wadda lokaci ya yi da za a tsaya a dube ta da idon basira. Da zarar shekara ta zagayo sai a kafa rumfuna, a jera kujeru, a gayyato manyan baƙi da 'yan jarida, a ce yau ranar karrama ma'aikata ce. A miƙa wa wannan takardar yabo, a ba wancan agogon bango, a tafa, a ɗauki hoto. Wani lokaci kuma a ɗinka riguna iri ɗaya, a fito da sassafe a yi tattaki daga wannan ƙofa zuwa waccan, a ce ana kula da lafiyar ma'aikata. Sa'an nan a watse, kowa ya koma gida da takarda a hannu, aljihu kuwa yadda ya fito haka ya koma.

Biki ba laifi ba ne, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma ba a filin biki ake auna jin daɗin ma'aikaci ba. A kasuwa ake auna shi, a gaban mai awo, ranar 20 ga wata. Duk wanda yake son ya san halin da ma'aikacin Jami'ar Maiduguri yake ciki, kada ya ɓata lokacinsa wajen sauraren jawabin ranar yaye ɗalibai. Ya nufi Kasuwar Litinin, ya roƙi mai hatsi ko mai kayan miya ya buɗe masa littafin bashi. A can ne direba da masinja da akawu da malami suke zama ɗaya, kowa da shafinsa, kowa yana jiran wata ya mutu. Maganar a taƙaice ita ce: hakki ne gaba, yabo na biye. Wanda ya riƙe wa mutum guminsa, sa'an nan ya rataya masa lamba a wuya, ba karrama shi ya yi ba, ba'a ya yi masa.

Mai karatu da ke Agege ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Anacha da Fatakwal, yana iya cewa, ina ruwan mai tallan goro da rigimar 'yan boko? To, da ruwansa ƙwarai. Da farko dai, da yawa cikin masu neman abinci a Kudu suna da 'ya'ya ko ƙanne a wannan jami'a, ana biya musu da kuɗin da aka tara daga dako da gadi da sayar da albasa. Na biyu, bandar Baga da waken Barno da shanun da ake lodi zuwa Ikko da Anacha, ta hannun 'yan kasuwar Maiduguri suke biyowa, in kuwa jarinsu ya maƙale a hannun ma'aikatan da ba a biya ba, sai an ji a jikin ciniki har bakin teku. Na uku kuma, ba wanda ya kai mai gadin gidan attajiri a Ikoyi sanin kan wannan zance. Ya san bambancin maigidan da ke ba shi tsohuwar riga ran Salla yana yi masa kirari a gaban baƙi, da wanda ke biyansa albashinsa cif a kan kari.

Jiya da yau

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, cikin jerin sababbin jami'o'i 7 da Gwamnatin Tarayya ta tsara a wancan zamani, ta kuma gaji gine-ginen kwalejin da tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas ta gina a kan hanyar Bama. Zamanin ƙarin albashin Udoji ke nan, sa'ad da aikin gwamnati yake da daraja a idon kowa. A 1981, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, gwamnatin Shehu Shagari ta yanka Naira 125 a matsayin mafi ƙarancin albashi. A lokacin Naira ta fi Dalar Amurka ƙarfi, watau kuɗin nan ya kai kimanin Dala 200. A 1983 aka buɗe asibitin koyarwa na jami'ar. Wanda ya sami aiki a harabar, ko da na shara ne, ya san yana da albashi mai tsayawa a hannu, da asibiti, da makarantar da 'ya'yansa za su shiga, da fansho in ƙarfi ya ƙare.

A kwatanta da abin da ya biyo baya. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, ya kai 70,000 a watan Yuli na 2024. A ido kamar an yi sama, amma a ranar da aka sa hannu a dokar, Naira 70,000 ba ta kai Dala 50 ba. An janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A tsakiyar shekarar nan ta 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, buhun shinkafa ɗaya kuwa ya fi ƙarfin albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ina amfanin tattakin motsa jiki ga mutumin da kullum da ƙafa yake zuwa aiki don ba shi da kuɗin Keke? Ina amfanin lacca a kan cin abinci mai gina jiki ga wanda gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya?

Waɗanda suka tsaya

In akwai ma'aikatan jami'a a Nijeriya da suka cancanci a tsaya a yi musu adalci, to, na Maiduguri ne a sahun gaba. Tun daga 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke, aikinsu ya zama na sai da rai. A watan Yuli na 2011 sai da aka rufe jami'ar na wani lokaci saboda rashin tsaro, aka sake buɗewa, suka dawo bakin aiki. Ran 16 ga Janairu, 2017, da asuba, bam ya tashi a masallacin unguwar ma'aikata a cikin harabar, Farfesa Aliyu Mani na tsangayar likitancin dabbobi ya rasu a wurin. A shekarar nan hare-hare suka yi yawa har Gwamnatin Jihar Barno ta ba da Naira miliyan 50 a haƙa rami mai tsawon kilomita 27 a bayan jami'ar, irin wanda mutanen dā ke haƙawa a bayan ganuwa.

Ran 25 ga Yuli, 2017, aka yi wa ayarin masu binciken man fetur na kamfanin NNPC kwanton ɓauna a yankin Magumeri. Cikin ayarin akwai ma'aikatan sashen nazarin duwatsu da ma'adinai na jami'ar, waɗanda aikin ƙasa ya kai su daji. Mutum 5 daga cikinsu suka rasu, akwai malamai, akwai masu taimaka musu a ɗakin gwaji, akwai direba. Aka yi awon gaba da wasu 3, ba su ga iyalinsu ba sai a watan Fabrairu na 2018, bayan fiye da wata 6 a hannun 'yan bindiga. Reshen ƙungiyar malamai ta ASUU na jami'ar ya ce a wannan tsakani malamai kimanin 70 suka ajiye aiki. Ba mai ganin laifin wanda ya tafi, rai ba shi da na biyu. Amma waɗanda suka tsaya fa? Masu gadin da suka kwana a bakin rami da tocila da sanda, da masu sharar da suka wanke masallaci bayan an kwashe gawa, me aka ajiye musu?

Kasuwar Litinin ma ba ta tsira ba, wuta ɗaya ce ta ƙone su. An tayar da bam a cikinta ko a bakinta ran 1 ga Yuli da 25 ga Nuwamba, 2014, da 10 ga Janairu da 7 ga Maris, 2015, rayuka masu yawa suka salwanta. Ran 26 ga Fabrairu, 2023, kwana ɗaya bayan zaɓen Shugaban Ƙasa, ana tsakiyar wahalar canjin takardun Naira, gobara ta cinye kasuwar cikin dare, har Gwamna Babagana Umara Zulum, wanda shi kansa farfesa ne da ya koyar a wannan jami'a, ya sanar da agajin gaggawa na Naira biliyan 1. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar, ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa ya lalata na'urori, mutane kimanin 400,000 suka bar gidajensu. Duk da haka ɗan kasuwa ya share laka ya sake baje kaya, ma'aikaci ya shanya takardunsa ya koma ofis.

Wa ya ciyar da jami'a?

Tsakanin waɗannan masifu aka yi dogon yajin aikin 2022. Malamai suka fita ran 14 ga Fabrairu, ba su koma ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Ƙungiyoyin SSANU da NASU, na ma'aikatan da ba malamai ba, su ma suka fita daga Maris zuwa Agusta. Gwamnati ta ce ba aiki, ba biya, ta tsayar da albashi. To, a waɗannan watanni wa ya ciyar da gidajen ma'aikata? Ba Ma'aikatar Ilmi ba ce, ba kuma kwamitin shirya bikin karramawa ba. 'Yan'uwa ne, da ƙungiyoyin adashi, da mai shago na unguwa, da mai awo na kasuwa, wanda ya auna gero da masara ya rubuta a littafi, ba ruwa, ba jingina, sai amana. In ana maganar shirin jin daɗin ma'aikata na gaskiya, ga shi nan, ɗan kasuwa ne ya ɗauki nauyinsa, shi kuwa ba wanda ya taɓa ba shi agogon bango.

Sai a watan Oktoba na 2023 aka amince a saki albashin wata 4 daga cikin abin da aka riƙe wa malamai, kuɗin kuwa bai shiga hannu ba sai a Fabrairu na 2024, bayan tsada ta rage darajarsa ƙwarai. Har a watan Oktoba na 2025 ragowar wata uku da rabi tana cikin abubuwan da suka sa ASUU ta sake yin yajin gargaɗi. Ma'aikatan da ba malamai ba kuwa, da farko tsallake su aka yi, sai da suka sake rufe ofisoshi a Maris da Oktoba na 2024 kafin a waiwaye su. Bugu da ƙari, tun da aka cusa jami'o'i cikin tsarin biyan albashi na IPPIS a 2020, ƙungiyoyin ma'aikata suke ta kukan ana yankar kuɗin adashi da na ƙungiya daga albashi, amma ba a miƙa su inda ya kamata a kan lokaci. An sanar da fitar da jami'o'i daga tsarin a watan Disamba na 2023, bayan an riga an sha wuya.

Abin mamaki bai ƙare ba. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da asusun ba ma'aikatan manyan makarantu rance marar ruwa, har zuwa Naira miliyan 10 ga wanda albashinsa ya kai, aka kira shi shirin kyautata jin daɗin ma'aikata. ASUU ta ce ba ta so, a fara biyan bashin da ke ƙasa tukuna. Ko a Kasuwar Litinin, wanda ake bi bashi ba ya zuwa rumfar mai binsa ya ce, zo in ranta maka. In ya yi haka dariya za a yi masa, ko a kira dattawan layi su yi masa faɗa.

Kura da shan bugu

Ko cikin ma'aikatan ma ba a zama ɗaya ba, kuma a nan ne ƙungiyoyin ƙwadago su ma suke da nasu laifi. In an yi zancen jami'a, farfesa ake gani. Ba a ganin mai kunna injin ruwa, da mai gyaran waya, da mai yankan ciyawa, da mata masu share ɗakunan kwanan ɗalibai. Tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo aka fara fitar da ayyukan shara da gadi da makamantansu daga aikin dindindin a ma'aikatun tarayya, aka miƙa su ga 'yan kwangila. Wanda ya faɗa hannun ɗan kwangila ba shi da ƙarin girma, ba shi da tabbacin gobe, sau da yawa ba shi da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka aka yi da malaman makarantun firamare na 'ya'yan ma'aikata. Aka fitar da takarda daga Abuja cewa a cire su daga jerin masu albashin gwamnati, sai da SSANU ta kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ta yi nasara a 2016, sa'an nan aka shiga ja-in-ja a kan cika hukuncin. Ga makarantar da ɗan direba da ɗan farfesa ke zama benci ɗaya, wadda ta fi kowane biki haɗa kan ma'aikata, ita aka fara kai wa wuƙa. Sa'an nan duk lokacin da aka saki kuɗin alawus, sai malamai da sauran ma'aikata su kama kokawa a kan rabo, kowa na jan nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Harsashin Magumeri bai tambayi wa ke da digiri ba, bai kamata rabon hakki ya tambaya ba.

Masu cewa ba haka ba

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, ya kamata a saurare su. Ta farko, su ce babu kuɗi. To, in babu kuɗi, da me aka yi ta buɗe sababbin jami'o'in tarayya shekara da shekaru, kowane babba na son a kai ɗaya garinsu, har sai da gwamnati da kanta ta dakatar da kafa sababbi na shekara 7 a watan Agusta na 2025? Wanda bai iya ciyar da mata ɗaya ba, ba ya neman ta huɗu. Ba rashin kuɗi ba ne, rashin sa ma'aikaci a gaba ne.

Ta biyu, su ce doka ce ta ce ba aiki, ba biya. Gaskiya ne, sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ma'aikata ya faɗi haka. Amma doka ba ta da baki ɗaya. Yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu da ƙungiyoyin jami'o'i a 2009, wadda ya kamata a sake dubawa bayan shekara 3, ta shekara fiye da 15 ana kafa kwamiti ana rushewa. Wanda ya fara saɓa alkawari ba shi ne zai ɗaga littafin doka sama ba. Daɗin daɗawa, da aka koma aiki an koyar da darussan da aka bari, an yi jarrabawa, an yaye ɗalibai. An karɓi aikin, an riƙe ladan.

Ta uku, shugabannin jami'o'i su ce albashi daga Abuja yake zuwa, ba a hannunsu yake ba. Wannan ma gaskiya ne, ba kuwa za a ɗora musu kayan da ba nasu ba. Amma akwai abin da ke hannunsu: ƙarin girma a kan lokaci, sharuɗɗan da ake gindaya wa 'yan kwangila, maganin da ke asibitin harabar, bin takardun mamaci har iyalinsa su sami hakkinsu, da zaɓen abin da za a fara kashe wa kuɗin shiga na cikin gida. Ta huɗu kuma, su ce yabo yana ƙarfafa gwiwa. Ko shakka babu yana yi, ga wanda ya ƙoshi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan ne ya kamata a tuna da abin da ya faru a watan Yuli na 2025, shekarar da jami'ar ta cika 50. Kwana 4 bayan rasuwar tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, aka sanar a zaman Majalisar Zartarwa cewa an sa wa jami'ar sunansa, reshen ASUU na jami'ar kuwa ya fito ya ce bai yarda ba. Ba cancantar mamaci ake jayayya a kai ba a nan, Allah ya jiƙansa. Abin lura shi ne sauri. Ashe in an ga dama, zama ɗaya ya isa a yanke shawara a kan jami'a. Sauya suna kwana 4, gyaran albashi shekara 15. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa ake karramawa, wa kuma ake jinkirtawa.

Abin da doka ta riga ta bayar

Ba sadaka ake roƙo ba, yawancin abin da ake nema yana rubuce. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8, ta kuma wajabta inshorar rai wadda ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba, domin iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya mutu ko ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, har da wanda hankalinsa ya taɓu saboda wani mummunan abin da ya same shi a wurin aiki. Tsarin inshorar lafiya na ma'aikatan tarayya ya ɗauki ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, dokar 2022 kuwa ta mai da inshorar lafiya wajibi. Da yawa cikin ƙananan ma'aikata ba su ma san suna da waɗannan hakkoki ba, wanda kuwa bai san nasa ba, ba ya nema.

Saboda haka ga abin da ya kamata kowace jami'a ta yi kafin ta sake kafa rumfar biki, ta Maiduguri kuwa ita ta fi cancantar ta zama jagaba. Na ɗaya, kowace shekara a liƙa a allon sanarwa, da Turanci da Hausa da Barbarci, adadin ma'aikatan da suka rasu, da adadin iyalan da aka biya, da waɗanda suka rage. Na biyu, kada a sabunta kwangilar shara ko gadi sai ɗan kwangila ya nuna shaidar yana biyan mafi ƙarancin albashi a kan lokaci, yana kuma zuba fansho da inshorar lafiya. Na uku, a ƙulla tsayayyen shiri da Asibitin Tarayya na masu taɓin hankali da ke hanyar Baga, domin mutumin da ya ga bam da idonsa, ko ruwa ya ci gidansa, ya sami likitan da zai saurare shi cikin sirri, ba tare da an yi masa kallon mahaukaci ba. Awon hawan jini da ciwon sukari ya zama na kullum, ba na ranar ɗaukar hoto ba. Na huɗu, in za a sa wa ɗakin karatu ko titi suna, a tuna da mutanen Magumeri da na masallacin asuba, direba tare da farfesa, a kuma ɗauke wa marayunsu kuɗin makaranta har su gama.

Bashin da ke kan jami'a

Saura maganar hidimar al'umma, wadda ita ma an mai da ita rabon sabulu da buhun shinkafa a gaban kamara. Taken Jami'ar Maiduguri shi ne ilmi haske ne. Hasken da bai kai Kasuwar Litinin ba, alhali tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce, ina zai kai? Jami'ar tana da tsangayar injiniya, tana da kwalejin likitanci, tana da masana ƙasa da ruwa, tana da cibiyar nazarin yankunan fari, tana da gidan rediyonta na Kanem FM. Ko mene ne sanadin gobarar 2023, kasuwa irin wannan tana bukatar masu duba wayoyin lantarki da hanyoyin motar kashe gobara kowace shekara, ɗaliban injiniya kuwa suna bukatar wurin koyon aiki. Madatsar Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994, ta sake a 2024. Masu ilmin auna ruwan kogin Ngadda suna nan cikin gari, ya kamata gargaɗinsu ya riƙa isa kunnen mai rumfa da harshen da yake ji, tun kafin ruwa ya iso, ba ihu bayan hari ba. Rumfa ɗaya a cikin kasuwa, inda ɗaliban likitanci za su riƙa awon jini, ɗaliban shari'a su duba wa mutane takardun haya da na rance, ta fi tattaki goma amfani. Wannan ba alfarma ba ce, biyan bashi ne ga waɗanda suka riƙe ma'aikatan jami'a sa'ad da mai albashi ya juya baya.

Amma fa ma'aikacin da ke ɓuya wa mai awo ba zai iya zuwa kasuwa ya yi wa kowa hidima ba. Shi ya sa maganar ta koma inda ta faro: a biya shi, a duba lafiyarsa, a tsare iyalinsa in ya faɗi, sa'an nan a yabe shi. In an bi wannan jeri, ko takarda kaɗai aka ba shi zai rataye ta a zaure yana alfahari.

Jama'ar Arewa mazauna Kudu suna da baki a wannan zance, kada su raina kansu. Suna da sarakunan Hausawa a kowane Sabo, suna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan gari, cikinsu akwai tsofaffin ɗaliban wannan jami'a, suna kuma komawa gida lokacin zaɓe. Duk ɗan majalisar da ya zo neman goyon baya, ko na wace jam'iyya ne, a tambaye shi abin da ya yi a kan hakkin ƙananan ma'aikatan jami'a da na iyalan waɗanda suka rasu. Duk ƙungiyar da aka aiko wa takardar neman gudummawar biki, ta nemi a fara nuna mata lissafin marayu. Kyan alkawari cikawa. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma gyara.